To, Likita

Ƙarfe biyun dare aka sallame mu.
Baba Sada na dafe da kafaɗata,
ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji
inda kwanon rufi ya tsarge shi
garin toshe yoyon ɗakin Inna.

Likitan yaro ne, idonsa ja don rashin barci.
Yana rubutu yana magana,
rabi Hausa, rabi Turanci,
kunnensa ɗaya na wajen mai haɗarin babur
da ake turowa a gadon taya.
Baba ya ce, "To, likita."
Ya ƙara wata, Baba ya ce, "To."
"Ka gane?"
"Na gane, Allah shi yi albarka."
Kafintan da ya shekara talatin
yana ja-in-ja kan kuɗin ƙusa
bai yi tambaya ko ɗaya ba.
Ni ma ban yi ba.
Ina laluben canji a aljihu,
ko zai kai mu Ƙofar Marusa.

Da gari ya waye muka zazzage leda kan tabarma:
farare ƙanana,
jajaye masu baƙin kai,
da wata doguwa kamar ƙwayar wake.
Takardar kuwa tonon kaza.
Inna ta ce, "Mi ya ce?"
Na ce, sau uku a rana, bayan abinci.
Baba ya ce a'a, ukun a haɗe, kafin koko.
Lurwanu, da ya tsaya bakin ƙofa jiya,
ya rantse an ce kada ruwa ya taɓa ƙafar,
kwana uku ne, ko mako uku,
nan ne bai riƙe ba.
Baba ya ce, "To alwala fa?"
Ɗaki ya yi tsit.

Kunne shida muka kai asibiti,
muka dawo da zance uku,
babu wanda ya san ɗan'uwansa.

Malam Barau ya leƙo ta katanga, ya ce a sa zuma.
Mai kemis na kan kwana ya juya takardar,
ya ɗaga ta a hasken ƙofa,
ya ce layin sama ya gane,
na ƙasa sai mai shi.
Muka bi ra'ayin Baba, don ƙafarsa ce.

Ran na huɗu ta kumbura kamar goran fura.
Jikinsa zafi, bargo biyu yana kyarma.
An ce mu koma in ta yi ja?
Wataƙila an ce.
Wataƙila lokacin ne nake ƙirgen canji.

Wannan karon wata nas muka samu,
Sista Tabawa, mai furfura a gefen hula.
Ta ja kujera ta zauna, gwiwa da gwiwa.
Ba ta ambaci ƙarfe kaza ba.
Ta ce, "Asuba ɗaya, Azahar ɗaya, Isha'i ɗaya,
ka fara cin wani abu."
Ta zana rana a ambulan, ta zana wata.
Sannan ta miƙa masa ledar:
"Yanzu kai ne likita, Baba, ni ce marar lafiya.
Faɗa mini yadda zan sha."
Ya faɗa, ya sa La'asar inda ba ta.
Ta yi dariya, suka sake.
Karo na uku ya kawo shi daidai,
sai ya sunkuyar da kai,
ya yi tambayar da ta kwana huɗu a bakinsa.
Ta ce, "Shafa saman bandejin, kada ka jiƙa."

A Keke Napep, daidai hasumiyar Gobarau,
na ji yana ƙirga su da yatsa,
leɓensa na motsi kamar mai tilawa.
Can ya taɓo ni.
"Wancan yaron na daren nan," ya ce,
"ko ya samu ya runtsa?"